Duhun gefe: aikin kundin hotunan gidanmu na Birni

Asabar, 8 ga Nuwamba 2025

Yau na gama tattara hotunan wuri guda. Guda 42 ne: 30 na ɗauka da kaina daga ƙaramar Sallah zuwa ƙarshen damina, wasu da kyamara wasu da waya, sai 12 tsofaffi da Kawu ya zaro daga wani gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadonsa. Kaka ce ta ce a haɗa mata su cikin kundi ɗaya kafin bikin ƙanwata a ƙarshen Disamba. Dangi za su zo daga Mirya da Magarya har da Kano, tana so ta sami abin da za ta miƙa musu su buɗe. Guda ɗaya kuma za a wanke shi babba, santimita 30 da 40, a rataye a ɗakinta.

Da don ta wanki ne kawai, da tuni na kai su. Gidan ne ya ja aikin. Gidanmu na Birni gida ne mai mutane, duk inda ka juya kyamara a tsakar gida sai ta kwaso jarkoki masu ruwan ɗorawa jere a gindin bango (wanda ya zauna Damagaram ya san dalilin jarkokin), da igiyar shanya, da buta, da ƙafar akuya. Shi kuwa ido, abin da ya fi haske yake fara bi. Jarka a rana ta fi fuskar tsohuwa a inuwa haske, sai mai kallo ya tsaya kan jarka kafin ya iso wurin Kaka. Ban yarda in goge su ba, domin haka gidan yake, kuma yaran da za su buɗe kundin nan gaba ya kamata su gan shi yadda yake. So nake in rage musu murya kawai.

Dabarar ita ce duhun gefe: a sa gefuna da kusurwoyin hoto su yi duhu sannu a hankali, inda ake son ido ya sauka ya zauna da haskensa. Masu hoto a nan vignettage suke ce masa, yadda yake a Faransanci. Asalin kalmar daga kurangar inabi ne, saboda adon ganye da ake zagaye shafin littafi da shi a da, kusan irin zayyanar da ake yi wa allo idan yaro ya yi sauka.

Da manhajar gyaran hoto ta GIMP zan yi aikin, 2.10, domin kyauta ce kuma tsohuwar kwamfutata na iya ɗaukarta. Ta 3.0 ta fito tun watan Maris na bana, a cikinta mutum na iya komawa ya gyara tacewar da ya riga ya ɗora, amma ba zan sauya kayan aiki ana tsakiyar aiki ba. Hotunan asali na ajiye su a kile, wato filashin USB, ba na taɓa su. Kowane gyara a kan kwafi zan yi, in adana shi a XCF, tsarin fayil na GIMP, wanda ke riƙe shimfiɗu daban-daban. Shimfiɗa ita ce abin da manhajar ke kira calque: kamar gilashi ne da ake ɗorawa a kan hoto a yi zane a kansa, hoton na ƙasa yana nan yadda yake. JPEG sai ranar kai wa mai wanki, tunda duk sake adanawa yana ɗan cinye masa inganci.

Litinin, 10 ga Nuwamba

GIMP na da tacewa ta musamman don wannan aiki, a ƙarƙashin Filtres, sashen haske da inuwa. Na fara da hoton da na fi so, wanda Kaka ke zaune kan tabarma tana tsince wake. Na buɗe tacewar ban taɓa komai ba: faɗin da'ira 1.2, laushin baki 0.8, gamma 2. Ƙanena ya leƙo ta bayana ya ce, "Yaya, hayaƙin murhu ne ya kama hoton?" Ya gano abin kafin ni. Duhun ya riga Kaka shiga ido.

Na shafe yammacin ina jan ma'aunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, don in san aikin kowanne. Faɗi shi ke nuna iyakar da duhun zai cika. Laushi shi ne tsawon tafiyar daga haske zuwa duhu, idan ya yi kaɗan sai ka ga zobe ƙarara. Gamma kuwa shi ke tsara yadda duhun zai hau: in ka ɗaga shi, tsakiya ta zauna fes, duhun ya tattaru can bakin hoto.

Akwai na huɗu da ya fi su duka muhimmanci a wurina, shi ne cibiya. Tacewar tana zaton abin kallo yana tsakiyar hoto, 0.5 da 0.5. Kaka kuwa a wajen dama take zaune. Sai hasken ya sauka kan faifan wake da tabarma, rabin fuskarta ya faɗa cikin inuwa. Da na ja cibiyar na ɗora ta kan fuskar, hoton ya dawo hayyacinsa.

Na kuma daina ɗora tacewar kan hoton kansa. Ina buɗe sabuwar shimfiɗa fara tas, in sa ta a yanayin Multiplier, in yi duhun a kanta. A wannan yanayi fari ba ya canza komai, baƙi ne kaɗai ke sauka. Daga nan sai in rage ƙarfin shimfiɗar zuwa wajen kashi 35 cikin 100. Gwajin da nake yi: in kashe shimfiɗar in kunna. Idan na kashe na ji hoton ya watse, na kunna kuma ban ga zobe ba, to ya yi.

Na gama 9.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Tara ɗin nan duk sai na sake su. Na manta da yanka. Kyamara tana ba da hoto mai awon 3 da 2, waya 4 da 3, shafin kundin kuwa takarda santimita 13 da 18 zai ɗauka, wadda ba ta dace da ko ɗaya ba. In na bar wa mai wanki ya yanka, zai datse gefe biyu ya bar biyu, duhun ya karkace. Yanka ne farko, duhu ne ƙarshe. Takarda 13 da 18 a kan ɗigo 300 cikin inci tana son fiksel 1535 da 2126, a haka nake yanka su yanzu.

An ɗauke wuta wajen la'asar, batirin kwamfutar ba ya wuce minti 40. Huɗu kawai na sake.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Kawu ya zo cin abincin rana, ya tarar da ni a zaure ina aiki. Yana saurayi ya yi gidan hoto a Zango, zamanin fim baƙi da fari. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai mu da kwali muke yin wannan."

Na ce, "Kawu, kwali kamar yaya?"

Ya ja kujera ya zauna. A ɗakin duhu, in ji shi, ba abin da ke haske sai jar fitila. Na'ura tana hasko fim daga sama zuwa kan takarda, kuma takardar hoto inda haske ya fi dukanta nan ta fi yin baƙi. To idan yana son gefe ya yi duhu, sai ya fara ba takardar duka haskenta, sannan ya ɗauko kwalin da ya liƙa a bakin siririyar waya, ya tare fuskar mutum da shi, ya ƙara wa gefuna 'yan daƙiƙu. Idan kuma farin gefe yake so, irin wanda mutum ke fitowa kamar daga cikin hazo, sai ya huda kwali babba a tsakiya, ya yi wa ramin haƙora kamar zarto, ya riƙe shi tsakanin na'ura da takarda. Gefen da haske bai taɓa ba fari yake fita daga ruwan magani.

Ya ɗaga hannu yana nuna mini. Hannun bai tsaya ba, yana ta 'yar rawa sama da ƙasa. Ya ce, "In hannunka ya tsaya, layi zai fito. Kuma ba siffar kwali ɗaya nake yanka wa kowa ba. Mai rawani daban, mace mai goyo daban, wanda ke tsaye daban." Sai ya nuna hoton da ke kan fuskar kwamfuta, na Inna a bakin madafa, ya ce, "Daga ina rana ta shigo nan?" Na ce daga hagu. Ya ce, "To me ya sa ka duhunta hagu daidai da dama? Wanda ya taɓa zama tsakar gida ya san inuwa ba ta zuwa ta wajen rana."

Wannan magana ta canza mini aikin gaba ɗaya. Tacewar manhaja ba ta san inda rana take ba, da'ira kawai ta sani. Daga yau da hannu nake yi. Ina zagaye mutum da kayan zaɓe na hannu, ina bin siffarsa sama-sama, in tausasa bakin zagayen da fiksel 300, in juya zaɓen da Ctrl da I don ya koma kan gefuna, in zuba baƙi a sabuwar shimfiɗa, in rage ƙarfi. Wani lokaci ma ba na zagayewa: buroshi babba mai laushi nake ɗauka, ƙarfinsa kashi 8 ko 10, in riƙa shafawa kaɗan-kaɗan, in fi nauyaya hannu a gefen da dama can inuwa take. Ya fi cin lokaci, hoto ɗaya kan kai minti 20. Amma duhun yana zama kamar na gidan, ba kamar wanda aka kawo daga waje ba.

Kafin ya tashi ya ƙara mini ɗaya. Ya ce a zamaninsu yaƙi suke yi da duhun kusurwa, domin idon kyamara da kansa yake kawo shi, musamman in an buɗe ƙofar haske har ƙarshe. Na koma na duba, haka ne. Waɗanda na ɗauka a f/1.8, ƙofar haske a wangale, cikin ɗakin Kaka kusurwoyinsu sun riga sun ɗan yi duhu, waɗanda na ɗauka a f/5.6, ƙofar a ɗan tsuke, a waje kusan babu. Hasken da ke shiga ido a karkace ba ya kai na tsakiya ƙarfi, a lissafi idan ya karkace da digiri 30 abin da ke isa bai fi kashi 56 cikin 100 ba. Waya tana gyara wannan da kanta kafin ta nuna maka hoton, shi ya sa hotunanta ke fitowa shimfiɗe. Ke nan na cikin ɗaki rabin aikin an riga an yi mini, ƙari kaɗan suke so.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Farar shadda ta tsayar da ni kwana biyu. Hoton Baba ne ranar Sallah, ya dawo daga Idi cikin babbar riga, hannayen rigar sun kai har bakin hoto dama da hagu. Multiplier ba ya tausayin fari: duk abin da ya tarar sai ya rage shi daidai wa daida, sai hannayen rigar suka koma ruwan toka kamar an yi tafiyar mota da ita a kan hanyar ƙura. Mutumin da ya biya kuɗin bugu ba zai karɓi wannan ba, kuma yana da gaskiya.

Na gwada wani yanayin shimfiɗar, Lumière douce. Ya bar farin a matsayinsa, amma ya ƙara wa bangon ƙasa ja har ya yi kamar an shafa masa manja. Bangonmu ba haka yake ba.

Abin da ya yi mini daidai shi ne Courbes, kayan aikin da ake daidaita haske da shi ta hanyar lanƙwasa wani layi. Na kwafi hoton a shimfiɗa ta biyu, na kama tsakiyar layin na ja shi ƙasa, na bar ƙarshensa na sama inda fari yake ban taɓa ba. Hoton duka ya yi duhu ban da wurare masu haske. Sannan na sa wa shimfiɗar abin da manhajar ke kira masque, ni labule nake ce masa: inda ka shafa fari duhun ya bayyana, inda ka shafa baƙi ya ɓuya. Na buɗe shi a gefuna, na rufe shi a kan Baba. Bango ya lafa, riga ta zauna fara sol.

Labulen nan ya warware mini wata matsala da ta fi ta riga. A hoton jikoki, yara 11 ne a jere, na gefe-gefe suna faɗawa cikin duhun. Na auna kuncin ƙaramar da ke can hagu: a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 255, wajen 60 take kafin gyara, bayan gyara ta sauko kusa da 40. Baƙar fata a inuwa dama can a ƙasan ma'auni take zaune, abu kaɗan za ka rage ido da kunci da leɓe su haɗe su zama abu ɗaya. Darussan da na gani a intanet yawancinsu da fuskoki masu haske ake gwadawa, adadin da suke bayarwa ya yi mana yawa. Yanzu duk fuskar da ke cikin hoto, ko tana can kusurwa, sai na shafa mata baƙi a labule don kada duhu ya taɓa ta.

Na kai 17.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na kai huɗu gwaji wurin mai wanki a Sabon Gari, na karɓo da yamma. Gara da na gwada.

Na farko, duk sun fi yadda na gan su a kwamfuta duhu. Fuskar kwamfuta haskenta take bayarwa, takarda kuwa aron haske take yi daga ɗakin da aka buɗe ta, kuma ɗakin Kaka ƙaramar taga ɗaya gare shi. Ga shi na ƙure hasken kwamfutar tun farkon aiki. Na rage shi yanzu har sai da farin allo ya yi kusa da farar takardar da na riƙe a gefensa. A haka na ga cewa kashi 35 ɗin nan ya yi yawa, 20 zuwa 25 ya isa.

Na biyu, guda biyu da na tura masa ta WhatsApp don sauri sun fito da 'yan murabba'ai a cikin duhun, kamar saƙar tabarma. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, kuma JPEG gida-gida yake aiki, fiksel 8 da 8, wuri mai duhu mai santsi nan ne gidajen suka fi fitowa. In dole sai an tura, a tura shi a matsayin fayil (document). Ni dai kile zan riƙa kai masa.

Na uku shi ya fi damuna. Hoton da na ɗauka daga kan soro da magariba, duwatsun Birni a ƙasa, sama a buɗe babu gajimare. A takarda saman ya fito zobe-zobe, ɗaya cikin ɗaya, kamar ɗinkin faifai. Na zauna na lissafa dalili. Hoto mai bit 8 matakai 256 kawai gare shi a kowane launi. Idan duhun ya sauka da mataki 40 a tsawon fiksel 1500, kowane mataki zai yi faɗin fiksel 37 da ɗoriya. A kan bangon ƙasa mai kaushi ba mai gani. A sama mai santsi ido na kama kowane gaɓa.

Mai wankin ya kuma gaya mini cewa injinsa yana gyara haske da kansa, in ya ga hoto da duhu sai ya ɗaga shi. Na ce masa, "Malam, don Allah in na kawo na gaske a kashe mini wannan gyaran." Ya ce ba damuwa, in dai tuna masa.

Talata, 25 ga Nuwamba

Zoben faifai ya tafi. Na mayar da hoton bit 16 kafin in fara, matakai 65,536 ke nan, sannan na barbaɗa wa shimfiɗar duhun 'yar tsakuwa kaɗan da tacewar Bruit. Tunda JPEG zai mayar da shi bit 8 a ƙarshe, tsakuwar ce ke farfasa gaɓoɓin har ido ya kasa bin su. Ina fitarwa a inganci 95.

Yau kuma na ware hotuna 7 da ba zan sa wa duhun gefe ba ko kaɗan. Uku na hawan Sallah ne a ƙofar fada: dawaki daga wannan baki zuwa wancan, dogarai cikin jajayen kaya, 'yan kallo a kan katanga. Babu mutum ɗaya da za a ce shi ne hoton, cikar ce abin kallo. Biyu na fuskar gidan maƙwabtanmu ne mai zanen magina, wanda zankayensa ke daidai kusurwoyin sama, inda duhu ke fara ci. Ɗaya na guntun ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun, bakin da ya zaizaye shi na je ɗauka, yana can gefe. Na bakwai hoton jikoki ne. Bayan na gama kare fuska 11 da labule na ga babu sauran wurin da duhun zai zauna, sai na cire shi gaba ɗaya.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Bayan sallar Juma'a na shiga wa Kaka da kwamfuta, don ta ga wanda za a wanke babba. Hoton tsince wake ne. Na yi masa aiki fiye da kowanne: jarkokin baya sun lafa, hasken ya zauna kan fuskarta da yatsunta, gefen hagu da ke da tarkace na datse kaɗan, sauran na lulluɓe shi da duhu mai kauri.

Ta matso da fuskarta ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Maigida, ina hannun Yaya?"

Na ce, "Wane hannu, Kaka?"

Ta ɗora yatsa a kusurwar hagu ta ƙasa. "Nan take zaune ranar. Ita ke miƙo mini waken. A wanda ka nuna mini a waya da Sallah akwai hannunta."

Hajiya Babba take nufi, yayarta, wadda ta rasu a watan Agusta, Allah ya jiƙanta. Ba ta yarda da hoto, da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya, mu kuma ba mu taɓa matsa mata ba. Na sa kile na buɗe na asali. Ga shi kuwa: hannu daga gwiwa zuwa yatsu, da lalle, da awarwaron azurfa guda biyu, riƙe da ƙaramar ƙwarya, da gefen zanenta mai shuɗi. Ni tarkace na gani a wurin. Na yi mako uku ina kallon hoton nan, idona na kan fuskar Kaka, ban taɓa tambayar kaina hannun wa ne ba. A cikin hotuna 30 da na ɗauka bana, nan kaɗai ta shiga.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta shafa wurin a kan allo ta ce, "Awarwaron nan na mahaifiyarmu ne. Ka bar mini shi a fili."

Na dawo zaure na fara daga asali. Yanzu haske biyu ne a hoton, fuskar Kaka da hannun Hajiya, da faifan wake a tsakaninsu. Na zana labulen dogo a karkace, daga kusurwar hagu ta ƙasa zuwa fuskar, duhun ya koma sama da bayan Kaka inda jarkoki suke. Babu tacewar da za ta ba da wannan siffa, kwalin Kawu ne kawai aka yanka da buroshi. Kuma hoton ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, domin yanzu ana ganin daga inda waken ke fitowa.

Da dare na bi sauran 22 ɗin da na asalinsu a gefe, kusurwa bayan kusurwa. Na sami biyu: sandar marigayi Kakanmu jingine a bayan ƙofa, da allon ƙanena rataye a bango. Gobe zan tambayi Inna kafin in yanke hukunci a kansu.

Talata, 2 ga Disamba

Inna ta ce sanda a fito da ita, allo kuwa ko ya lafa ba laifi, tunda mai shi yana nan yana karatu da shi.

Na shiga tsofaffin. Na ɗauke su da sikana a ɗigo 600, tunda ƙanana ne kuma za a ƙara musu girma. Da launi na ɗauka duk da baƙi da fari ne, don kada ruwan ƙasa-ƙasan da shekaru suka ba takardar ya ɓace. Biyar daga ciki suna da farin gefen Kawu, na ga aikin kwalin da idona: Inna tana budurwa, kafaɗunta na narkewa cikin fari babu layi ko ɗaya. Waɗannan ƙura kawai na share musu. Huɗu kuma hotunan taro ne, gefensu lafiya lau, na bar su.

Uku ne gara da damshi suka ci wa kusurwa. Na je na sami Kawu, tunda aikinsa ne, na ce, "Kawu, in ka yarda zan yi musu farin gefe irin naka, ya rufe inda ya lalace." Ya duba su ɗaya-ɗaya ya ce, "Yi. Amma kada ka sa farin kwamfuta, takardata ba ta taɓa yin fari haka ba." Na ɗebo launin daga jikin takardar kanta, wani fari mai ɗan ruwan madara, da shi na zuba. Kafin in rufe kowace kusurwa sai da na ƙara girmanta na duba ko akwai wani abu a ciki. A ɗaya akwai rabin hatimin gidan hotonsa. Na bar wannan kusurwar da cin gararta.

Asabar, 6 ga Disamba

Gwaji na biyu ya dawo, guda shida, ta kile, gyaran inji a kashe. Na buɗe su a ɗakin Kaka, a hasken tagarta. Biyar sun yi. Na Baba har yanzu kusurwar dama ta sama ta ɗan yi nauyi, zan sauke ta zuwa kashi 18.

Inda aiki yake: sababbi 23 masu duhun gefe, an gama 21, guda 7 babu duhu, an gama, tsofaffi 12, an gama. Saura na Baba da na Inna a bakin madafa, wanda hayaƙin gaske ke cikinsa, ina so in tabbata ban haɗa shi da nawa ba.

Babban hoton ya canza awo. Kyamarar tana ba da fiksel 5184 da 3456. Don ya shiga 30 da 40 sai an datse fiksel 576 a tsawonsa. In na datse hagu hannun Hajiya ya tafi, in na datse dama kafaɗar Kaka ta tafi. Don haka 30 da 45 za a wanke, awon 3 da 2 cif, ba a yanke komai, kuma yana ba da ɗigo 290 da 'yan kai cikin inci, ya wadatar. Mai wanki ya ce yana da takardar, firam ne babu irin wannan awo a shagonsa. Na kai wa kafinta awon yau da safe, ya ce Laraba. Ranar Litinin zan kai babban hoton, sauran kuma in na gama biyun nan.